Akwatin Alhaji Ya Sami Sabuwar Manhaja

A layinmu ba a taɓa kayan sauti a ɓoye. Wanda ya sayi firiji ko ya canza wa motarsa taya, wannan tsakaninsa da aljihunsa. Amma in mutum ya sauya ko da wayar da ke tsakanin amfilifaya da sifika ce, to dole ya sanar da majalisa, a sa rana, a zo a zauna a saurara, a yanke hukunci. Matan unguwa 'yan kunne suke ce mana, kuma ba yabonmu suke yi ba.

Ba mu da yawa. Akwai Alhaji, wanda ya bar wa 'ya'yansa shaguna a Kantin Kwari ya dawo gida ya tare a gaban sifika, falonsa ne kuma zauren taro. Akwai Baba, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yanka tef da reza yana liƙewa. Akwai Kawu mai kwalaye cike da kaset, waɗanda ko ɗansa bai isa ya taɓa ba. Akwai Malam na sakandare, da Ustaz wanda ba ya jin kiɗa amma ba ya fashin zama, shi da ƙira'ar Husari yake gwada komai. Sai Injiniya, mai gyaran waya a Farm Centre. Shi ne ƙaraminmu, shi kaɗai kuma ya san abin da ke cikin akwatunan da muke musu a kansu, shi ya sa ba a cika ba shi damar magana ba.

Abin da ya tayar da ƙura kwanan nan shi ne DAC ɗin Alhaji. Ga wanda Allah ya tsare daga wannan wahala: duk waƙar da ke cikin waya ko kwamfuta tulin lambobi ce. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma ya faɗa a ɗaya daga cikin matakai 65,536. Sifika ba ta san lamba ba, abin da ta sani shi ne wuta mai hawa da sauka da za ta girgiza mata takarda. DAC shi ne mai mayar da lambobin su zama wannan wutar. Kowa yana yawo da shi a aljihu bai sani ba. Tun da Apple ya toshe ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, da yawa daga cikin guntayen wayoyin nan da ake maƙalawa a gindin waya don a sa iyafis akwai ɗan mitsitsin DAC a cikin kansu. Bambancinmu da sauran bayin Allah shi ne mu namu mun fito da shi fili, mun saya masa gidan ƙarfe mai shuɗiyar fitila, mun ɗora shi a kan kanta, har da kyallen rufe shi saboda ƙura.

Na Alhaji ƙaninsa ne ya zo da shi daga Guangzhou, guda biyu iri ɗaya, aka sayar wa Malam ɗaya a kan kuɗin da har yau ba a gama biya ba. Ran nan sai labari ya zo cewa kamfanin ya fitar da sabuwar manhajar da ke tafiyar da cikin akwatin. Aka sa Asabar bayan isha'i. Injiniya ya zo da laftof a hammata, ya ce filashin ne irin na waya, sai dai in wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi, akwatin na iya mutuwa murus. Alhaji bai tsaya jin ƙarshen zancen ba ya sa aka mayar da falon kan inbata, aka kashe firiji, aka hana yara kunna talabijin. Muka zuba wa koren layin nan ido yana rarrafe a fuskar laftof, ko tari babu mai yi. Da ya kai ƙarshe akwatin ya ɗauke ya farfaɗo da kansa, Ustaz ya yi hamdala, muka yi wa Alhaji barka da arziki.

Shata aka fara sawa, don a majalisarmu da kalangu ake rantsar da sabon kaya. Alhaji ya jingina, ya turo hula gaba, ya lumshe ido. Mu kuwa kowa ido ɗaya a kan sifika, ɗaya a kan fuskar mai gida. Ai ƙa'idar sananniya ce ko da ba a rubuta ba: ji a wurinmu bin girma yake, sai babba ya ji tukuna na ƙasa su ji.

"Kai, jama'a!" in ji Alhaji, bai ko buɗe ido ba. "Kun ji kalangun nan kuwa? Ya sami ciki."

"Ya samu, Alhaji," in ji Malam. "Da can a maƙoshi yake tsayawa. Yanzu har ƙasa yake sauka."

"Ni 'yan amshin nake ji," in ji Kawu. "Sun baje. Wani nan, wani can, ina iya nuna muku inda kowa ya tsaya."

Baba ya yi gyaran murya, ya tuna masa a hankali cewa wannan ɗaukar hanya ɗaya aka yi mata, abin da ke fita a sifikar dama shi ne dai ke fita a ta hagu, babu inda wani ɗan amshi zai baje. Kawu bai ko girgiza ba.

"To ai abin mamakin ke nan, Baba. Ka ga ƙarfin manhajar."

Aka ba Ustaz fili ya sa Husari. Ya saurara ya ce shi abin da ya ƙaru masa shi ne yanzu yana jin inda Shehin ke jan numfashi kafin ya shiga doguwar aya. Daga nan aka buɗe rumbun kalmomin da muke ajiyewa domin irin wannan dare. Sauti ya buɗe. Ya yi garau. Ya zauna. Ya bar kaifi. Murya ta matso gaba, kiɗa ya ja baya ya ba ta girmanta. Jumla ɗaya ce ba a taɓa furtawa a falon nan ba, wato "ban ji wani bambanci ba". Wanda ya faɗi haka ya shaida wa duniya da bakinsa cewa ba shi da kunne, kuma mutum ya gwammace a ce ba shi da kuɗi.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai aka jarrabta. A garin Boulder na jihar Colorado a Amurka akwai kamfanin PS Audio, wanda a 2014 ya fitar da wani DAC mai suna DirectStream a kan kusan dala 6,000. Injiniyan da ya tsara shi, Ted Smith, ya riƙa sake rubuta manhajarsa lokaci zuwa lokaci a raba wa masu akwatin kyauta, su zuba a katin memori su ɗora. Daga baya kowace sabuwa sunan wani tsauni na Colorado aka riƙa raɗa mata: Pikes Peak, Yale, Torreys, Huron, Redcloud, Snowmass, Windom, har zuwa Sunlight a 2021. Duk fitowar sabon tsauni sai Turawa masu furfura su kwana suna sauraro, gari ya waye wannan ya ce kamar an ba shi sabon akwati, wancan ya ce shi bai gamsu ba ya koma tsaunin baya. Da Injiniya ya ba mu wannan labari Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe dai muna kan hanya.

Sai dai ba don faranta wa Alhaji rai ya kawo labarin ba. Abin da yake son nunawa shi ne akwati suna ya tara. Wancan na Amurka an gina shi a kan wani guntun lantarki da ake kira FPGA, wanda ake iya sake wa tsari gaba ɗaya da manhaja. A irinsa manhajar ce ke yin ainihin lissafin tace lambobi da kawar da hayaniya, don haka in an canza ta an taɓa zuciyar aikin, kuma abin da ke fita na iya sauyawa har na'urar awo ta gani. Na Alhaji kuwa, kamar yawancin akwatunan da ke zuwa daga Sin, guntu ne gamamme aka sayo daga kamfanoni irin su ESS na Amurka ko AKM na Japan, aikinsa a kafe yake tun daga masana'anta. Manhajar da ke zagaye da shi 'yar hidima ce: ta yi magana da kwamfuta ta USB, ta kula da allo da rimot, ta zaɓi ɗaya daga cikin matatun da guntun ya zo da su, ta saita ƙarfin fita. Ya karanto mana takardar da kamfanin ya haɗo da ita. Layi biyu ne. An gyara wani ɗan "ƙas" da ke fita idan aka tashi daga waƙa mai wani awo zuwa mai wani, an kuma sa allon ya riƙa dusashewa da kansa. Babu kalangu a ciki, babu 'yan amshi.

"Injiniya," in ji Alhaji, "kai takarda kake karantawa. Mu kunne Allah ya ba mu."

Yaro bai yi musu da babba ba. Zama na gaba sai ya zo da mitarsa ta awon wuta, ya roƙi Malam ya kawo nasa akwatin da ba a taɓa ba. Ya sa wani sauti mai tsayuwa wuri guda, irin "tiii" ɗin nan da gidan talabijin ke yi in an rufe tasha, ya ɗora tsinken mita a bayan kowane akwati. Na Alhaji ya fi na Malam ƙarfi da ɗan abin da ya haura desibel 1. Da aka bi diddigi, ashe tun zuwan akwatunan shi Injiniyan ne ya rage wa dukansu biyun ƙarfin fita kaɗan, an manta, filashin kuma ya mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta.

A nan ne zancen ya yi armashi, don ashe Alhaji ya ji wani abu da gaske. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Bell Labs na Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya yi wa sauti adalci. Idan murya ta yi ƙasa, mai kauri ne ke fara ɓacewa, da an ɗaga kaɗan kuma shi ne ke fara cikowa. Ƙarin desibel ɗaya bai cika isa mutum ya ce an ƙara murya ba, abin da zai ce shi ne ya fi daɗi. Mai shayin bakin layinmu ya san wannan ilimin bai je Amurka ba. In ya ƙara rabin cokalin sukari ba wanda zai ce an ƙara sukari, cewa za a yi yau ganyen mai kyau ne. Shi ya sa masu gwajin gaske ba sa fara kwatanta na'urori biyu sai sun daidaita ƙarfinsu, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel ba. Cikin da kalangu ya samu ke nan.

Alhaji ya ce to a daidaita, kuma ya ci alwashin ko a mafarki zai gane akwatinsa. Aka daidaita. Aka jera su biyu, aka lulluɓe su da zanin gado, Injiniya ya ɗurma kai ciki da hannunsa a kan makunnin canji. Ya ce a jefa kwabo ya zaɓi wanda za a kunna, don kada shi ma zuciyarsa ta shiga. Aka nemi kwabo a gidan Alhaji kaf aka rasa, aka aika maƙwabta aka rasa, ƙarshe da marfin kwalbar lemo aka yi, in ya faɗi a kife sabuwa, in a buɗe tsohuwa. Ya kuma nace cewa canjin ya zama nan take, saboda kunne ba ya riƙe ɗanɗanon sauti filla-filla fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Mu kuwa a daren Asabar ɗin nan abin da muka kwatanta sabuwar manhaja da shi, tunanin wani sauti ne da muka ji makon da ya wuce, da shayi da gardamar ƙwallo a tsakani.

Ba zan tona asirin kowa ba, don gobe ma rana ce kuma a layin nake kwana. A taƙaice dai marfin kwalbar ya yi kunnen doki da mu. Kawu ne ya fi kowa dabara: duk wanda aka kunna sai ya ce sabuwa ce, ya tashi da wajen rabi, har yanzu yana cewa bai taɓa kuskuren sabuwar ba ko sau ɗaya.

Sai uzuri ya fara sauka. Hunturu ne, kunne a toshe yake. Janareton maƙwabci ya shiga tsakani. Zanin gadon ya hana akwatunan shan iska. Sabuwar manhaja sai ta yi kwanaki tana aiki kafin ta nuna. Malam, da yake ɗan boko ne, ya ce yanayin jarrabawa kansa yana rikita ɗalibi komai ƙoƙarinsa, shi shaida ne. A nan ma ba mu muka fara ba. A 2007 wasu mutum biyu daga ƙungiyar masu sauraro ta Boston, Brad Meyer da David Moran, sun buga sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti. Sun riƙa kunna wa mutane faya-fayan da ake tallata cewa sun fi CD inganci, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci an rage su zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. Cikin gwaji 554 an dace sau 276. Su ma can da aka ga sakamakon aka ce ai wasu faya-fayan da aka zaɓa ne ba su cancanta ba, kuma har yau ba a rufe wannan musun ba.

Ni dai ban yarda cewa ƙarya muke yi ba. Wanda ya ce ya ji, ya ji. Matsalar ita ce kunne ba shi kaɗai yake aikin ba, abin da ido ya gani da abin da aka gaya wa mutum da kuɗin da ya kashe duk suna shiga kafin sautin ya isa inda ake yanke hukunci. Hausawa da suka ce gani ya kori ji ba su san za a yi akwati mai shuɗiyar fitila ba, amma sun gama magana a kansa. Akwai kuma abin da ba mu cika lissafawa ba. Daren sabunta manhaja shi ne kaɗai daren da muke kashe fanka, mu ajiye waya, mu yi shiru mu bi waƙa daga farko har ƙarshe. Numfashin da Ustaz ya ji yana nan tun ranar da aka ɗauki karatun a Masar. Abin da ya canza shi ne a wannan daren babu mai ba shi labarin farashin siminti ana tsakiyar aya.

Ban da haka, a tsakaninmu wa ke da kunnen da zai ji aikin matatun nan? Bambancinsu yana can sama ne, wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, iyakar abin da yaro mai lafiyayyen kunne ke kaiwa. Daga nan abin raguwa yake yi da shekaru, balle ga wanda ya yi rayuwarsa tsakanin janareto da hon ɗin adaidaita-sahu. Jikan Alhaji, ɗan sakandare da ke kawo mana shayi, shi ne ya tsaya da faranti a hannu ana tsakiyar gwajin ya ce, "Alhaji, wannan ai naka ne. Na Malam yana yin ƙas in an canza waƙa, naka ya daina." Aka sake gwadawa, yaro ya ci, aka kuma, ya kuma ci. Abin da kamfanin ya ce ya gyara ke nan, kuma duk cikinmu babu wanda ya ambace shi a daren da muke ta jin 'yan amshi suna bajewa. Alhaji ya ce masa maza ya je ya yi aikin makaranta, manya na magana.

Wani abin da ba ma son a taɓo shi ne asalin abin da muke zuba wa akwatin. Shata ya rasu a 1999, kuma yawancin abin da ke hannunmu nasa ya yi doguwar tafiya kafin ya iso falon Alhaji. An ɗauka a tef, an kwafa a kaset, an kwafi kaset daga kaset a shagunan Bata, wani bawan Allah ya juye shi a kwamfuta ya matse shi ya zama MP3, masu turi suka zuba a memori, aka tura ta Xender daga waya zuwa waya, wani ma ta WhatsApp ya biyo. CD yana zuba bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa, namu in ya kai 128 an gode Allah. Kuntigin Ɗan Maraya Jos da gurmin Haruna Uji duk wannan hanyar suka bi. Akwatin na iya fitar da abin da aka ba shi tsaf ba ragi, amma ba zai dawo da abin da aka zubar a hanya tun kafin a haifi Injiniya ba. In aka faɗi wannan sai Kawu ya gyara zama, don shi a ganinsa duk wannan hujja ce cewa a koma kaset. Baba kuwa cewa yake a nemo tef ɗin asali da ke kwance a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo a juye su da kyau tun ƙura da zafi ba su gama da su ba. Wannan ita ce magana mafi hankali da aka taɓa yi a majalisar, kuma ita ce aka fi saurin wucewa.

Hajiya ma ta jefo tata daga bayan labule. Ta ce ita ba ta san manhaja ba, amma ranar Juma'ar da ta gabaci zaman sabunta manhajar ta sa an naɗe kafet ɗin falon an kai wanki, kuma yaran da suka yi shara sun matsa da sifikokin jikin bango. Injiniya ya kama kai. Ya ce tayil tsirara da sifika a jikin bango sun fi kowace manhaja canza sauti nesa ba kusa ba. Alhaji ya ce Hajiya ba 'yar majalisa ba ce, ba a karɓar shaidarta.

Yanzu dai layin ya rabu biyu. Akwai 'yan sabuwa, akwai 'yan tsohuwa, kuma Kawu, wanda bai mallaki DAC ba bai kuma da niyyar saya, shi ne jagoran 'yan tsohuwa, bayan shi ne ya fi kowa yabon sabuwar a daren farko. Ya ce da ya koma gida ya yi tunani ya gane tsohuwar ta fi natsuwa. Maganar ta shiga Alhaji. Tun da aka dawo da kafet aka kuma rage ƙarfin fitar, ya fara cewa akwatin ya yi sanyi, kamar akwai abin da aka cire masa. Ya kira Injiniya ya mayar masa da tsohuwar manhaja, Injiniya ya ce kamfanin bai bar hanyar komawa baya ba. Shi ke nan akwatin Malam, wanda saboda tsoron ɗaukewar wuta ne kawai ba a taɓa shi ba, ya zama abin nema a unguwa. Shekaranjiya Alhaji ya aika masa cewa a yi musaya, ya yafe masa ragowar bashin, ya ɗora masa wani abu a kai. Malam ya ce a ba shi lokaci zai yi shawara da iyali.